Daga Oslo Zuwa Suleja: Bashin Da Abuja Ba Ta Biya Ba

Duk ma'aikacin gwamnatin tarayya da aiki ya taɓa kai shi ɗaya daga cikin manyan biranen ƙasashen Sikandinabiya, wato Sitokholm ta Suwidin, ko Oslo ta Norwe, ko Kopenhagen ta Denmak, ya san yadda ranar ƙarshe ta taro take kasancewa. Da an rufe zama an raba takardar bayan taro, sai masu masaukin baƙi su kawo mota da ɗan jagora, su ce kafin kowa ya nufi filin jirgi akwai abin da ya kamata ya gani. Tsohon gari ake kai shi. A Sitokholm sunan wurin Gamla Stan, ma'anarsa ke nan da harshensu, Tsohon Gari. Ɗan tsibiri ne da aka fara ambaton birnin a kansa a rubuce tun 1252, lungunansa shimfiɗe da duwatsu, har akwai lungun da faɗinsa bai wuce santimita 90 ba, wanda mutum biyu ba sa gittawa a cikinsa sai ɗaya ya raɓe. Baƙo ya sha sanyi, ya ɗauki hotuna, ya sayi tsaraba da ragowar kuɗin guzurinsa, ya dawo gida yana cewa mutanen can sun san darajar tarihinsu.

Gaskiya ya faɗa. Sai dai ranar Litinin da asuba, shi wannan ma'aikacin, ko direbansa, ko magatakardan da ya shirya masa takardun tafiya, zai fito daga wani gida a Suleja ko Madalla, ya bi ta Zuba, ya faɗa cunkoson hanyar Kubwa domin ya isa sakatariyar tarayya kafin ƙarfe takwas. Garin da ya baro a bayansa cikin duhu tsohon babban birni ne, mai fada da jerin sarakuna na kusan shekaru 200, kuma shi ne Abuja kafin a gina wadda yake gaggawar zuwa. Dubban ma'aikata ne ke kwana a cikinsa saboda hayar Garki da Wuse ta fi ƙarfin albashinsu, amma ƙalilan ne suka taɓa tsayawa a ƙofar fadar da niyyar gani da tambaya. A wurin mafi yawansu Suleja ɗakin kwana ce, sai kuma kasuwar da kayan miya suka fi araha. Babban Birnin Tarayya ya ci bashin ƙasa da na suna a wannan gari, bai kuma fara biya ba. Hanya mafi arha ta fara biyan ita ce a mayar da Suleja wurin da ake kai baƙo, kuma wannan aiki ne da ya rataya a wuyan masu rubuta takardun gwamnati da masu tsara jadawalin manya fiye da kowa.

Tarihin yana buƙatar a maimaita shi, domin da yawa daga cikin waɗanda ke karɓar albashi da sunan Abuja ba su san inda sunan ya fito ba. A farkon ƙarni na 19, lokacin da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso ƙasar Zazzau, rundunar Malam Musa ta ci birnin Zariya, sai Sarkin Zazzau na Haɓe, Muhammadu Makau, ya fita da jama'arsa ya yi kudu. Ruwayar mutanen Abuja ta ce harin ya same shi ne a filin Idi, bayan gari, bai samu damar komawa fada ba. Ya sauka a Zuba, garin Koro, ya yi shekaru yana yaƙi domin riƙe abin da ya rage masa na kudancin ƙasarsa, har aka kashe shi a yaƙin Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi. A 1828 ya kafa sabon gari a bakin kogin Iku, a gindin duwatsun Abuci, bayan shekara guda ya fara kewaye shi da ganuwa, garin kuma ya ɗauki sunan mai shi. Abin da Katsinawan Haɓe suka yi a Maraɗi, Gobirawa suka yi a Tsibiri, shi Zage-zagi suka yi a Abuja: suka ɗauko gidan sarauta da muƙamansa da al'adun fadarsa suka dasa a wata ƙasa, suka ƙi miƙa wuya. Zariya ta kai hare-hare ba ta ci garin ba. Bayan Abu Ja, Abu Kwaka ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1877, a zamaninsa fatauci ya buɗe tsakanin Abuja da Bida da Zariya, kuma garin ya ci gaba da cin gashin kansa har 1902 da Turawa suka shige shi. Har yau Sarkin Zazzau ake kiran Sarkin Suleja.

Wannan tsayuwa ta sa Abuja ta zama taska ga masana. Da M. G. Smith ya zo rubuta littafinsa kan tsarin mulkin Zazzau, wanda aka buga a 1960, Abuja ya waiwaya domin ya gane yadda fadar Haɓe take kafin jihadi, da matsayin Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu, saboda a nan tsarin ya rayu. Ya dogara ƙwarai a kan tarihin da 'yan garin biyu, Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi, suka rubuta da Hausa, wanda Frank Heath ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Ibadan a 1952. Ke nan garin ya rubuta tarihinsa da hannun 'ya'yansa tun kafin samun 'yancin kai, abin da garuruwa da yawa da suka fi shi girma ba su yi ba. A yau sai mai neman wannan littafi ya sha yawo a kantunan littattafai na birnin da ke amsa sunan da ke bangonsa.

Sai aka zo 1976. Bayan kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya ba da shawarar a ɗauke babban birni daga Legas zuwa tsakiyar ƙasa, Janar Murtala Muhammad ya sanar da amincewar gwamnati a ranar 3 ga Fabrairu, kwana goma kafin a kashe shi, Doka ta 6 ta wannan shekarar kuma ta kafa yankin Babban Birnin Tarayya mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000. Kaso mafi girma na wannan ƙasa daga jihar Neja aka yanko shi, daga ƙasar masarautar Abuja, inda Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara suke zaune tun kaka da kakanni. Shi kansa garin an bar shi a wajen iyaka, amma an ɗauke masa suna. Sarkin wancan lokaci, Alhaji Sulaimanu Barau, ɗalibin Kwalejin Katsina wanda ya hau gadon sarauta a 1944, shi aka ciro sabon suna daga nasa, aka haɗa Sule da ja ɗin Abu Ja, aka samu Suleja. Da Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya ta tashi fara aiki, daji ne a inda Asokoro da Maitama suke yanzu, saboda haka a Suleja ta kafa sansaninta na farko, a unguwar da har gobe ake kira Field Base. Daga nan injiniyoyi da masu awon ƙasa suka riƙa fita da safe suna komowa da yamma. A ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare a sabon birnin. Tun daga lokacin, duk rusau ɗin da aka yi a Abuja, musamman na tsakanin 2003 da 2007, Suleja na cikin garuruwan da suka karɓi waɗanda aka tasa, da kayansu da iyalansu.

Wanda ya je Oslo ya saurari ɗan jagora da kyau zai ji labarin da ya yi kama da wannan har ya ba shi mamaki. Asalin Oslo gari ne da ya kai kusan shekaru dubu, a gabashin bakin ruwan da birnin yake. A 1624 gobara ta cinye shi, sai Sarki Kiristiyan na Huɗu, mai mulkin Denmak da Norwe a lokacin, ya hana a sake gina shi a wurin. Ya ce a koma ɗaya gefen, kusa da sansanin Akershus, ya kuma sa wa sabon birnin sunansa, Kiristiyaniya. Tsohon wurin ya ci gaba da amsa sunan Oslo, amma ya koma gonaki da unguwar marasa hali, daga baya layin dogo da manyan tituna suka ratsa ta kan kufan majami'unsa da fadarsa. A 1925 gwamnati ta ɗauke sunan Oslo ta ba wa babban birnin baki ɗaya, tsohuwar unguwar da ta riƙe sunan shekaru 300 aka bar ta da Gamlebyen, wato Tsohon Gari. An yi mata abin da aka yi wa Suleja sak. Bambancin ya zo ne daga baya. A shekarar 2000, bayan an karkatar da titunan da suka danne wurin, aka buɗe lambun tarihi a kan kufan, aka fito da harsashin gine-ginen, aka kafa alluna masu bayani, har aka haƙa tafki a daidai inda bakin ruwa yake a zamanin da, domin mai ziyara ya ga iyakar garin da idonsa. Sun ɗauki shekaru 75 kafin su biya. Abuja ta ci kusan kashi biyu cikin uku na wannan wa'adi ba a ma buɗe fayil ba.

Akwai wani kuskure da matafiyi ke dawowa da shi daga irin waɗannan birane, wato zaton cewa son tarihi a jinin mutanen yake. Tarihin Sitokholm bai nuna haka ba. Har zuwa farkon ƙarni na 20 Gamla Stan unguwar talakawa ce mai cunkoso da ƙazanta, kuma an sha kawo shawarar rushe ta. A shekarun 1950 da 1960 hukumar birnin ta baje ɗaruruwan tsofaffin gine-gine a unguwar Klara, can tsallaken ruwa, ta dasa benayen ofisoshi da wuraren ajiye motoci, abin da Suwidawa da yawa ke nadama har yau. Sai a 1971, da aka tashi sare wasu tsofaffin itatuwa a wani lambu da ke tsakiyar birnin domin a yi ƙofar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, jama'a suka fito suka kewaye itatuwan, wasu suka hau kansu, hukuma ta janye. Abin da baƙo ke yabawa a yau sakamakon rajista ne da dokar gini da kasafin gyara da ake maimaitawa kowace shekara, wato aikin ma'aikata irinsa, masu tebur da fayil. Hatta Skansen, filin da aka tara tsofaffin gidajen manoma da shagunan masu sana'a daga sassan ƙasar, wani malami ne mai suna Artur Hazelius ya kafa shi a 1891, da ya ga masana'antu na shirin shafe rayuwar karkara. Wanda ya ga yadda ƙauyukan Gbagyi da rumbunansu suke ɓacewa a ƙarƙashin rukunin gidajen Abuja zai gane abin da ya tayar wa wannan malami hankali.

Abin takaici shi ne Suleja ba ta rasa abin nunawa ba, kuma shaidar tana cikin aljihun kowane ma'aikaci. A bayan tsohuwar takardar naira 100 akwai Dutsen Zuma, wanda ake tallata Abuja da hotonsa alhali a jihar Neja yake, a gefen Madalla. A takardar naira 20, wadda yanzu da ƙyar take sayen alawa, Murtala ne a gaba, a baya kuma Ladi Kwali ce zaune tana gina tukunya: mutumin da ya ɗauki sunan, da matar da ta fara kai sunan ƙasashen waje, a takarda guda. Labarinta ma a fadar Abuja ya soma. Baturen Ingila Michael Cardew, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aikin inganta ginin tukwane, ya ga randunanta ne a cikin kayan da Sarki Sulaimanu Barau ya tara a gidansa. Ya zaɓi Abuja ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi aiki da na'urar juya yumɓu da gashi a tanderu mai tsananin zafi, amma ba ta bar ginin hannu irin na matan Gbagyi ba, da zanen kunama da ƙadangare da hawainiya da kada da kifi a jikin randa. An baje kolin aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta zagaya Amurka a 1972 tana nuna sana'arta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, duk da ba ta yi karatun boko ba. Ta rasu a 1984. Randunanta suna gidajen tarihi a Ingila da Amurka, akwai titi da babban ɗakin taro masu sunanta a Abuja, amma cibiyar da ta yi aiki a cikinta a Suleja, wadda ita ma aka sa wa sunanta, ta daɗe tana fama da rashin kulawa. Da a ɗaya daga cikin biranen can arewacin Turai take, da ita ce zangon farko da motar baƙi za ta tsaya.

Dalilin wannan sakaci ya wuce halin mutane, yana cikin taswira. A shekarar da aka kafa yankin Babban Birnin Tarayya aka ƙirƙiri jihar Neja, Suleja ta faɗa ƙarƙashin Minna, mai nisan fiye da kilomita 100, alhali aikinta na kullum hidimar Abuja ce da ke maƙwabtaka da ita. Minna na kallon ta a matsayin garin da mutanen Abuja suka cika, Abuja na kallon ta a matsayin matsalar wata jiha. Kasafin yankin birnin tarayya yana tsayawa a Zuba, ruwan sama da cunkoso da masu neman haya kuwa ba su san iyaka ba. Jifan da ya wuce kan kowa a kan Suleja yake sauka. Ga shi kuwa masarautar ba baƙuwar gwamnati ba ce, tunda Sarkin Zazzau Suleja, Malam Muhammadu Awwal Ibrahim, shi ne gwamnan farar hula na farko a jihar Neja, daga 1979 zuwa 1983. Babu wata doka da ta hana ma'aikatar birnin tarayya da gwamnatin jihar Neja da masarauta su zauna su rattaba hannu a kan yarjejeniyar kula da wuraren tarihi guda huɗu ko biyar. Abin da aka rasa shi ne wanda zai rubuta takardar farko.

Za a ce, kuma da hujja, mutumin Suleja magudanar ruwa yake buƙata da famfo da titi, masu yawon buɗe ido ba su ne damuwarsa ba. Duk wanda ya ga yadda ambaliya ke shiga unguwannin garin da damina ba zai yi wasa da wannan magana ba. Amma abin da aka sani a tsarin gwamnati shi ne, titin da ministoci da jakadu ke bi shi ake fara gyarawa. Garin da ba ya cikin jadawalin kowa ba ya cikin kasafin kowa. Za a kuma kawo batun tsaro: bam ɗin da ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na Suleja a watan Afrilun 2011, da na cocin Madalla ranar Kirsimetin wannan shekarar, da shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar Kaduna. Ba a manta da ko ɗaya ba. A wannan shekarar ta 2011, a watan Yuli, an tayar da bam a unguwar ofisoshin gwamnati a Oslo, wanda tare da harbin da ya biyo baya a wani tsibiri ya ci rayuka 77, kuma ba a daina kai baƙi birnin ba. Ba a ce yanayin wuraren biyu ɗaya ne ba. Sai dai gwamnatin da ta yarda ma'aikatanta su kwana a gari da 'ya'yansu kowane dare, sannan ta ce garin bai amintu da ziyarar sa'o'i uku da rana tsaka ba, ta faɗi wani abu game da matsayin waɗannan ma'aikata a wurinta.

Hujja ta uku ita ce ta kayan gini, cewa Turawa da dutse suka yi gini, ginin ƙasa kuwa damina kaɗan ke cinye shi. Agadas ta amsa wannan. Tsohon garinta da hasumiyar masallacinta na ƙasa ne, Hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, a ƙasar da kasafinta bai kama ƙafar na Najeriya ba. A Jenne ta Mali kowace shekara gari ke fitowa ya yi wa babban masallaci yaɓe. Gidan Makama na nan a Kano. Abin da ke kashe ganuwa a ƙasar Hausa a wannan zamani mai yankan fili ne, ya fi ruwan sama ɓarna nesa ba kusa ba, kuma wanda ya san Kano shekaru talatin da suka wuce ya ga yadda badala ta koma shaguna da gidajen mai. A Suleja, inda matsin Abuja ke tayar da kuɗin fili kullum, duk abin da ya saura na aikin Abu Ja, a ƙasa yake ko a bakin dattawa, yana cikin wannan haɗari. Shekara goma nan gaba waɗanda za su iya nuna inda ƙofofin gari suke da sanda za su ragu ƙwarai. Hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, tana da ikon auna wuri ta ayyana shi abin kariya, hedikwatarta kuma ba ta kai tafiyar sa'a biyu daga fadar Suleja ba ko da cunkoso.

Akwai wani tsoro da ba a cika faɗa a fili ba, shi ne cewa tarihin Abuja ta da ba duka ne mai daɗin ji ba. Masarautar da ta tsira daga Zariya ita ma ta kai hare-hare kan maƙwabtanta ta kama bayi. Laƙabin Sarki Ibrahim, wanda ya yi mulki daga 1877 zuwa 1902, Dodon Gwari ne, kuma jikokin waɗanda aka yi wa dodon suna nan, su ne ma suka fi kowa asarar gonaki da aka zo gina sabon birni. Magangarar ruwan da ke kan kogin Iku sunanta Mayanka, sunan da kansa ya faɗi abin da baka ta riƙe game da hukuncin da ake zartarwa a wurin. Wasu za su so a rufe wannan babi. A nan ma Sitokholm na da abin faɗi. Gidan tarihin da ya fi kowanne jan baƙi a birnin an gina shi ne a kan abin kunya. A ranar 10 ga Agusta 1628 jirgin yaƙin Vasa, mai igwa 64, abin alfaharin Sarki Gustab Adolf, ya tashi tafiyarsa ta farko, bai yi nisan da ya wuce mita 1,300 ba iska ta kwantar da shi ya nutse a gaban jama'ar gari, saboda samansa ya fi ƙasansa nauyi. An gwada shi kafin tafiya an ga yana tangaɗi, amma aka rasa wanda zai tsayar da abin da sarki ke jira, darasin da ya kamata kowane hadimi ya tsaya ya karanta allonsa sau biyu. Ya yi shekaru 333 a ƙarƙashin ruwa, aka ciro shi a 1961, aka buɗe masa gida a 1990, fiye da mutum miliyan ɗaya ke zuwa ganinsa a shekara. Gidan tarihin Suleja da zai ba da labarin Makau da Abu Ja da bakin Zage-zagi, ya ba da labarin Dodon Gwari da bakin Gbagyi, a ɗaki guda, zai fi amfani ga zaman lafiyar yankin fiye da taron sulhu goma a otal.

Mafi yawan abin da ake buƙata bai kai girman kwangila ba, shi ya sa ma wataƙila ba ya jan hankali. Kowane mako tawagogi na sauka a Abuja, na ƙungiyar ECOWAS, na bankunan raya ƙasa, na majalisun ƙasashe, kuma jami'in da ke tsara musu jadawali yakan rasa inda zai kai su bayan Babban Masallaci da Cocin Ƙasa da kasuwar kayan gargajiya. Kowace ma'aikata na kashe kuɗi a kan allunan karramawa na gilashi da ake shigowa da su daga waje, waɗanda baƙo kan manta a ɗakin otal. Da babban sakatare guda zai ba da umarnin cewa kyautar ma'aikatarsa ga baƙi tukunyar Suleja ce, ginin hannu, mai tambarin cibiyar Ladi Kwali, da tanderun wurin ya samu dalilin kama wuta, matasa kuma su samu dalilin koyo. Makarantun yankin birnin tarayya na kai yara yawon ilimi gidan namun daji da wuraren wasa, alhali fadar da ta haifi sunan garinsu na nan kusa, magangarar Gurara kuma na kan hanyar Minna ga wanda ke son ya cika yini. Sake buga tarihin Malam Hassan da Malam Shu'aibu da Hausarsa ta asali, a raba wa makarantu, bai kai kuɗin tikitin tawaga guda zuwa Oslo ba. A Zuba, inda dubban motoci ke rabuwa zuwa Kaduna da Lokoja da cikin birni, allo guda mai layi huɗu ya isa ya sanar da matafiyi cewa a nan Makau ya sauka.

Shi kuwa ma'aikacin da ba shi da ikon sa hannu a kan komai yana da ranar Asabar. Ziyarar fada a ƙasar Hausa tana da ƙa'idarta: a aika tun da wuri, a zo da shiga ta mutunci, a tuɓe takalmi inda ake tuɓewa, a gaida fadawa kafin a ɗaga waya domin hoto, a bar dattijon da aka haɗa mutum da shi ya kai ƙarshen zancensa. Wanda bai samu tafiya gida da Sallah ba, maimakon ya yini a gaban talabijin yana kallon hawan Kano, yana iya kai 'ya'yansa su ga hawan Sarkin Zazzau a Suleja, su ji tambura da algaita, su ga muƙaman da suka baro Zariya fiye da shekaru 200 da suka wuce suna wucewa a kan dawaki. Hadimin da ke riƙe da jadawalin mai gidansa kuma, a karo na gaba da aka ce ya nemo abin da za a yi da baƙi kafin jirginsu na dare, wasiƙa guda zai rubuta zuwa ga sakataren masarauta, da kwafi ga ofishin gwamnan Neja da ke Abuja, ya tanadi mota mai sanyi, ya kuma sa a tashi kafin ƙarfe tara domin a dawo kafin cunkoson yamma ya rufe Zuba.